Jarrabawarku Tana Tsakanin Yatsun Manomi

'Ya'yana masu karatun likita da na jinya, ku ba ni aron hankalinku.

Tun da ruwan Tiga ya fara bin magudanan Kadawa a shekarun 1970, manoman Kura da Bunkure suka yi sallama da hutun rani. Da damina shinkafa, da rani tumatir da alkama, ƙafa kullum cikin laka. Fata ce ke shan wahalar: cin ruwa a tsakanin yatsu, ƙuraje daga maganin feshi, makero a kawunan yara, ƙazuwa tana zagaye tsangaya. Likitocin fata kuwa 'yan ƙalilan ne, galibinsu suna manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano. Ke nan ku ne manomi zai fara nuna wa ƙafarsa, a nan kuma za a san ko horonku ya nuna.

Yawancin hotunan littattafanku na farar fata ne. Abin da aka ce muku ja ne, a jikinmu duhu yake yi ko toka-toka. Wanda ya haddace hoto bai zauna gaban maras lafiya ba, zai ga tabo mai haske a bayan mutum ya ce kyasbi ne, alhali kuturta ce ke sallama. Rabe su ba wuya. A sa mutum ya rufe ido, a shafa masa auduga a kan tabon. In bai ji ba, a tura shi asibitin Yadakunya ko wurin jami'in kuturta. Maganin kyauta ne, wata 6 ko 12, kuma in an kama da wuri yatsa ko ɗaya ba zai tafi ba. Wanda ya samu damar kwas kan kuturta a cibiyar Saye ta Zariya, kada ya yi wasa da ita.

Man shafawan nan mai haɗi uku da ake saya a kemis, ku ji tsoronsa. Yana kwantar da ƙaiƙayi, mutum ya yi ta godiya, makero kuwa yana ƙara faɗi a ƙarƙashi. Ita ƙazuwa, in ba a yi wa duk 'yan ɗaki magani rana ɗaya an wanke tufafi da shimfiɗa ba, aikin banza aka yi.

Malamanku ma ina roƙonsu su riƙa biyo ku ƙauye bayan yaye, su zauna gefe su ga yadda kuke duba mutum. Kafin su zo, ku buɗe littafi: abin da kuka ce cutar ce, maganin da kuka bayar, ranar da kuka ce a dawo. Wanda bai dawo ba, ku aika a tambayo ko warkewa ya yi ko wurin mai magani ya koma.