Ina Kuɗin Tallafin Sola Suke Shiga?

TAMBAYA

 Ni mai haɗa sola ne a Funtuwa, shekarata ta shida ke nan a sana'ar, ina da yara biyu da nake koya wa aiki. Kusan kullum sai na ji a rediyo wai gwamnati da Bankin Duniya sun ware miliyoyin daloli don masu harkar makamashi mai tsafta, amma a cikin abokan sana'ata ban taɓa ganin wanda ya samu ko ƙwandala ba. Kwanan baya wani ya turo mini saƙo a waya, ya ce in biya kuɗin fom a sa sunana cikin waɗanda za a ba tallafi. Don Allah da gaske akwai kuɗin nan? In akwai, ta wace ƙofa irinmu za su shiga?

AMSA

 Allah ya sa wa sana'a albarka, ya kuma saka maka da alheri kan yaran nan biyu da ka riƙe.

Bari in fara da maganar fom, don ita ce mai gaggawa: kada ka tura ko sisi. Hukumar gwamnati ba ta bin mutum ta saƙon waya tana cewa ya zuba kuɗi a asusun wani kafin a sa sunansa. Duk wanda ya ce maka yana da hanya a Abuja, zai cusa ka cikin jeri, aljihunka yake hari. Ka kuma faɗa wa abokan sana'arka, don ba kai kaɗai ya tura wa ba.

Kuɗin kuwa akwai su, rediyo ba ta yi maka ƙarya ba. A shekarar 2018 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 350 don shirin kai wutar lantarki karkara a Nijeriya, Bankin Raya Afirka ya ƙara dala miliyan 200, aka danƙa tafiyar da aikin a hannun Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara, wato REA. A watan Disamba na 2023 Bankin Duniya ya sake amincewa da dala miliyan 750 don wani sabon shiri da ake kira DARES, da nufin wuta ta kai ga mutum miliyan 17.5. Ka riƙe wani abu a nan: waɗannan kuɗi bashi ne ƙasa ta ciyo, mai sauƙin ruwa da dogon wa'adi, amma dai bashi. Ni da kai da jikokinmu za mu biya. Saboda haka tambayar da ka yi haƙƙinka ce, ba roƙo ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake fitar da kuɗin. Mu a tunaninmu tallafi shi ne a kira mutum a ba shi jari a hannu, ya je ya juya. Wannan ba haka yake ba. Sai ka yi aikin ka gama, an zo an gani, sannan a biya ka wani ɓangare na abin da ka kashe.

Ga yadda abin yake a ƙasa. Kamfani zai fara neman shiga sahun waɗanda aka tantance: rajistar kamfani, takardun haraji, lissafin kuɗin shekaru da akanta ya duba ya sa hannu, da shaidar ayyukan da ya taɓa yi. In ya tsallake, sai ya nemo ƙauyen da wutar gwamnati ba ta kai ba, ya zauna da dagaci da dattawa a yi yarjejeniya, a ba shi fili, ya yi rajista ko ya karɓi izini daga hukumar da ke kula da harkar lantarki. Daga nan ya sayo faifan sola da batura da inbata da kuɗinsa ko da bashin da ya ci, ya kafa turaku, ya ja waya gida-gida, ya maƙala wa kowa mita. Sai wuta ta kama, mai shayi ya kunna fitila, tela ya jona kekensa, masu bincike suka zo suka tabbatar mutane na shan wutar da gaske, sannan a biya shi bisa kowane gida ko shago da ya jona. A farkon shirin na 2018, dala 350 aka riƙa biya kan kowane ɗaya. Tashar farko da aka buɗe a wannan tsari tana Rokota, cikin ƙaramar hukumar Edati a jihar Neja, a ƙarshen 2019, kuma kamfanin PowerGen ne ya gina ta. Masu sayar da ƙananan sola na gida, irin mai ƙwai uku da wurin cajin waya, su ma haka ne: sai an sayar, an ɗora a rufi, an tabbatar, sannan tallafin ya fito.

Za ka ce wannan ai taurin kai ne, me ya sa ba za a ba mutum kuɗin tun farko ba? Na daɗe ina ganin haka ni ma, sai wani abu da ya faru a garinmu ya sa na sassauta. Wata shekara aka kawo mana fitilun titi masu sola, kwangila ce. Ranar da aka kunna su yara har da tsalle, masu tsire da masu ƙosai suka dawo gindinsu, 'yan makarantar allo suka huta da hura wutar kara. Damina ɗaya suka yi. Batura suka mutu ɗaya bayan ɗaya, ɗan kwangilar ya riga ya karɓi kuɗinsa ya kama gabansa, babu lambar wanda za a kira. Har yau turakun suna nan tsaye, faifan ya yi ƙura, an ɗaure igiyar shanya a jikin ɗaya. Kai da ke cikin sana'ar ka fi ni sanin irin batirin da ake sa wa aikin da aka biya kuɗinsa tun kafin a fara. Wanda ya san ba zai ga ko taro ba sai wuta ta zauna, kuma zai ci gaba da karɓar kuɗin mita a wannan ƙauye shekara da shekaru, ba zai sa ruɓaɓɓen batir ba. Ta wannan fuska tsarin yana da hujja.

Amma hujjar ba ta share maka hawaye ba, kuma ba zan ɓoye maka ra'ayina ba. Tsarin da ya ce sai ka kashe naka kafin a ba ka, mai shi ake ƙara wa. Ina mai shago ɗaya a Funtuwa zai samo kuɗin gina tashar ƙauye guda? In ya nufi banki, a 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin ruwan bashi kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwa kuma su ɗora nasu a kai, bayan sun nemi takardar gida ko fili a matsayin jingina. Kayan aikin yawanci da dala ake shigo da su, dalar da farashinta na gwamnati yake wajen naira 460 kafin Yunin 2023, ta haura naira 1,500 a shekarar da ta biyo. Shi ya sa yawancin masu cin gajiyar shirin manyan kamfanoni ne masu ofis a Legas da Abuja, da masu zuba musu jari daga waje.

Gwamnati ta taɓa gwada toshe wannan giɓi. A ƙarshen 2020, cikin shirin farfaɗo da tattalin arziki bayan annobar korona, aka ƙaddamar da Solar Power Naija, da burin jona gidaje miliyan biyar, Babban Banki kuma ya ware naira biliyan 140 na bashi mai rangwame. Sai dai ta hannun bankunan kasuwa ake bi, su kuwa ba su sauya halinsu na neman jingina ba. A ƙarshen 2023 Babban Bankin ya daina karɓar sababbin buƙatu a irin waɗannan basussuka na tallafi. Don haka in wani ya zo maka da labarin bashin Babban Banki na sola, tsohon zance yake sayar maka.

Akwai wani tallafi da ya riga ya iso shagonka ba ka sani ba, kuma ina so ka san shi. A shekarar 2000 Jamus ta yi dokar da ta tilasta a sayi wutar duk wanda ya ɗora sola a rufinsa, a kan tsayayyen farashi, har shekara 20. Jama'a suka yi rububin saye. Sin ta ga kasuwa ta buɗe, bankunan gwamnatinta suka zuba wa masana'antu bashi mai arha, aka yi ta ƙera faifai ba ƙaƙƙautawa. Tsakanin 2010 da 2020 farashin faifan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari. Faifan da kake hawa rufi da shi yau, masu biyan kuɗin wuta a Jamus da baitulmalin Sin ne suka karya maka farashinsa. Abin lura a wurina shi ne Jamus ba ta zaɓi wasu 'yan lele ta ba su kuɗi ba, kasuwa ta buɗe wa kowa. Inda gwamnati ta tsaya zaɓar kamfani, wani lokaci a dace, wani lokaci a yi asara. Amurka ta ba Tesla bashin dala miliyan 465, ya biya tas a 2013. Ta kuma tsaya wa wani kamfanin sola mai suna Solyndra kan dala miliyan 535, ya durƙushe a 2011.

To, ta ina za ka shiga?

Ƙofar da ta fi kusa da kai ita ce ta kamfanonin da aka riga aka tantance. Kamfanin da ya ci aikin ƙauyuka a Katsina ko Zamfara ba zai kwaso dukkan ma'aikatansa daga Legas ba. Yana buƙatar mai jan waya, mai ɗora mita, dilan da zai sayar masa da kaya, da wanda za a buga wa waya da daddare in inbata ta fara kuka. Da ɗan gari akan ci gari. REA tana wallafa bayanan shirye-shiryenta da kamfanonin da take aiki da su a shafinta na intanet. Ka sa ɗaya daga cikin yaranka ya duba maka waɗanda ke aiki a yankinku, ka je da ƙafarka ka gabatar da kanka. Ta nan kuɗin tallafin zai iya gangarowa aljihunka, a matsayin ladan aiki.

Sai dai kada ka je hannu rabbana. Abin da ke kayar da masu sana'armu ba rashin iya aiki ba ne, rashin takarda ne. Na san masu gyara da za su kwance inbata su mayar ido rufe, amma in ka ce su nuna maka aikin da suka yi bara, sai su ce ka je unguwa kaza ka tambaya. Kamfani da banki ba sa zuwa unguwa tambaya. Ka yi wa shagonka rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, ka karɓi lambar haraji, ka buɗe asusun banki da sunan shagon, ka daina haɗa kuɗin cefane da kuɗin kwastoma. Duk aikin da ka yi, ka rubuta rana da wuri da yawan faifai da girman batir, ka ɗauki hoto, ka yanka rasit. In da hali ka nemi takardar shaidar ƙwarewa. Cibiyar horas da ma'aikatan lantarki ta ƙasa, NAPTIN, tana koyar da aikin sola. Shekara biyu na irin wannan rubutu ya fi wasiƙar kowane ɗan siyasa nauyi a gaban mai ba da bashi.

Na san kuma maganar ruwa tana hana da yawa daga cikinmu kusantar banki. Shi tallafin REA ba bashi ba ne a kan kamfanin da ya karɓa, ba a mayarwa, babu ruwa a cikinsa. In kuwa jarin kaya kake nema, bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, suna da tsarin murabaha: banki ya sayi kayan, ya sayar maka da ribar da kuka daidaita tun farko, ka riƙa biya kaɗan-kaɗan. Su ma za su nemi ganin yadda kuɗi ke shiga asusunka da fita, ka ga mun sake dawowa kan takarda. Bankin Masana'antu na gwamnati shi ma yana ba ƙananan masu sana'a bashi, amma a can ma takardun ne za su yi maka magana.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku masu haɗa sola na Funtuwa, in kun kai goma ko ashirin, ku kafa ƙungiya mai rajista. Sarin kaya a dunƙule ya fi arha, kuma Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wuta a cikin iyakarsu. Kwamishinan da ba zai saurari mutum ɗaya ba, zai ba ƙungiya kujera. Ku nemi abu takamaimai: a ware wa masu sana'ar gida kaso a aikin kula da solar asibitoci da makarantu da rijiyoyin burtsatse, a kuma riƙa biya bisa ko na'urar tana aiki, wata bayan wata. Da jihohinmu za su yi wannan kaɗai, da turaku irin na garinmu ba su zama wurin shanya ba.

Kafin duk wannan ya tabbata, kada ka manta da wanda ke riƙe da shagonka yau. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Mai sayar da ƙanƙara da janareta ke cinye ribarta, mai aski, mai cajin waya, manomin rani da injin ban ruwa ke shanye masa kuɗin taki, duk suna lissafi yanzu. Ka zauna da mai ƙanƙara, ku rubuta abin da take kashewa a mai duk mako, ka nuna mata wata nawa sola za ta mayar da kuɗinta. In ka yarda da amanarta, ka karɓi rabi, sauran ta riƙa biya duk sati.

Malam, gobe in Allah ya kai mu, ka sayi babban littafi mai bango, ka fara da aikin da ka gama a makon jiya. Saƙon mai fom kuma ka goge shi. Ka gaishe mini da yaran shago.