Itatuwan da Suka Dace da Garken Dabbobin Gida

Zuwa ga hakimai da malamansu na ƙasar Gumel.

Tun da can al'adar manya ce su ajiye dabbar sha'awa a gida, kamar kunkuru, ko barewa, ko jimina. Talakawa kuma suna turke tumaki da awakin da suka sayo a kasuwar Maigatari ran Alhamis. Dabbar da ke sake takan zaɓi abin da za ta ci, amma wadda aka killace sai ta ci abin da bakinta ya kai, balle da rani. Saboda haka kome aka shuka a garke, a ɗauke shi abinci ne. Ko a Ingila da Amurka, masu kiwon wani ƙadangare mai gemu na ƙasar Ostareliya wannan ƙa'ida suke bi a ɗakin da suke ajiye shi.

Waɗanda za a tumɓuke:

1. Tumfafiya. Ƙaronta yana lahanta ido, in an ci kuma ya taɓa zuciya.
2. Bini-da-zugu da zurma. Dafinsu yana cikin 'ya'yan, suna kawo zawo mai tsanani, har mutuwa.
3. Zaƙami. Yana gigita dabba da mutum duka.
4. Duman kada. Yana sa awaki da tumaki karkarwa da tangaɗi.
5. Gyauron dawa. Sabon tohonsa yana iya kashe saniya nan take.

Aguwa kuwa a bar ta a iyakar gona, kada a kewaye garke da ita.

Waɗanda suka dace: dashi, gama reshensa ake kafawa ya kama, zogale, saboda ganyensa, gawo, don yana ba da inuwa da 'ya'ya da rani, sa'ad da sauran itatuwa suka kaɗe. Kunkuru dai yawancin abincinsa ciyawa ce, a riƙa ƙara masa ganyen rama. Kada a ba dabba ganyen da aka yi wa feshin magani.

Ana roƙon hakimai su sanar da dagatai da masu unguwanni, daga Ɗanzomo da Sule Tankarkar har Gagarawa, a duba garake kafin ruwa ya sauka. In dabba ta ci wani abu ta kwanta, a kai reshen wurin malamin dabbobi maza, domin sanin itacen shi ne farkon magani.