Gawayi na kama wari, ba ya kama gishiri

Aikina gwada ruwan rijiyoyi ne a ƙauyukan Gaya, kuma tambayar da matan garin Bana suka fi yi mini ita ce: in an tace ruwa da gawayi da yashi, ya zama na sha?

Gawayi ba tsotse ƙazanta yake yi ba. Jikinsa cike yake da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, ƙwayoyin wari, launi da wasu magungunan ƙwari sai su manne a bangon ramukan nan, ruwa ya wuce. Gawayin da aka gyara a masana'anta da tururi mai zafi, giram 1 nasa na iya samun fili sama da murabba'in mita 500 in an shimfiɗa bangon ramukansa. Na murhunmu bai kai haka ba, amma yana taɓukawa.

Irving Langmuir, ɗan Amurka da ya samu kyautar Nobel a 1932, ya bayyana cewa wuraren mannewar ƙidayayyu ne, kamar kujerun motar kasuwa. In sun cika, sun cika. Shi ya sa raina ke ɓaci in na tarar da gawayin da ya shekara a tulun tacewa ba a canza ba. Ya daina aiki tuntuni, ya ma zama matattarar ƙwayoyin cuta.

Mu a Dallol Foga muke, inda kakanni suka yi suna da dafa gishiri, don haka rijiyoyi da dama ruwansu na zartsi ne. Gawayin itace ba ya riƙe gishiri ko kaɗan. Haka sinadarin fuloraid da ya lanƙwasa ƙasusuwan yara a Tibirin Maraɗi: shi gawayin ƙashi ne ke kama shi, ba na itace ba. Ƙwayar kwalara kuwa tana iya ratsawa lafiya lau, alhali ruwan ya fito garau.

Iyayena mata, ga abin da nake roƙo. A tace tukuna, sannan a tafasa ko a sa ƙwayar kulorin ta Aquatabs, a jira minti 30. Kada a juya tsarin, domin gawayi na cinye kulorin ɗin da ke kashe cutar. Gawayin tacewa kuma kada ya kwana kusa da jarkar fetur ko maganin feshi. Iskarsu yake kamawa tun kafin ya ga ruwa.