ITACEN NONI: AMFANINSA DA ABIN LURA GARE SHI

Ya ku manoma da dagatai, ana kawo ruwan wani ɗan itace cikin kwalabe a kasuwannin birane, sunansa noni, ana sayar da shi da tsada, ana cewa wai babu cutar da ba ya warkarwa. Ga labarinsa nan, domin ku san abin da ke gaskiya kafin ku kwance bakin jaka, ko kuwa ku ba shi wuri cikin gona.

1. Asalinsa da kamanninsa

Noni ba itacen ƙasarmu ba ne. Asalinsa daga kudu maso gabashin Asiya ne da arewacin Ostareliya. Mutanen tsibiran Tekun Pasifik suka ɗauke shi cikin jiragensu na ruwa tun zamanin da, suka kai shi Tahiti da Hawai. Masana itatuwa suna kiransa Morinda citrifolia. Danginsa ɗaya da itacen gahawa, da itacen da a ke samun kwinin daga ɓawonsa, da kuma tafashiya wadda kuka sani cikin dajinmu.

Tsawonsa ya kan kai ƙafa 10 zuwa 30. Ganyensa babba ne, mai sheƙi. Ɗansa kamar dankalin Turawa ya ke, da ƙuraje a jikinsa. Da fari kore ne, in ya nuna sai ya yi fari-fari, ya yi laushi, ya riƙa wari kamar cukun da ya lalace. Saboda warin nan mutanen tsibirai da yawa ba su ci shi ba sai lokacin yunwa.

2. Amfaninsa na yau da kullum

A ƙasar Tailan da Kambodiya a kan sa ɗanyen ganyensa cikin dahuwar kifi. A Indiya da tsibirin Jawa marina sun daɗe suna samun jan rini daga saiwarsa. A tsibiran Pasifik kuwa a kan gasa ganyen kaɗan, a ɗora bisa maruru ko gaɓar da ke ciwo.

Ruwansa kuma ga yadda a ke tatsarsa a Hawai. A tsinko 'ya'yan da suka yi fari, a wanke, a shanya su bushe, a zuba cikin tulu mai tsabta, a rufe. Ruwa ya riƙa tsatsowa da kansa har wajen wata 2, sa'an nan a tace. In tulun ba shi da tsabta, ko kuwa ruwan ya yi fumfuna, sai a zubar.

3. Lafiyar jiki

Cikin ɗan noni akwai bitamin C, wanda ke tsare dasashi, yana kuma taimakon rauni ya warke. Akwai kuma wani gishiri mai suna fotasiyam, irin wanda ke cikin ayaba. A shekara ta 2003 hukumar Tarayyar Turai ta yarda a sayar da ruwansa, amma a kan abin sha ne ta yarda, ba magani ba. Har yanzu likitoci ba su sami tabbataccen shaida ba cewa yana warkar da sankara, ko ciwon sukari, ko hawan jini ga ɗan Adam.

Ka lura da wannan kuma: bitamin C ɗin nan yana cikin gwaba, da lemo, da garin 'ya'yan kuka, waɗanda ba sai ka sayar da akuya kafin ka same su ba.

4. Waɗanda za su yi nesa da shi

Mai ciwon ƙoda kada ya sha, gama ƙodarsa ba ta iya fid da fotasiyam, in kuwa ya taru cikin jini ya kan taɓa bugun zuciya. Mai shan maganin hawan jini ya tambayi likita tukuna, domin waɗansu magungunan su ma suna tara gishirin nan. Mai ciwon hanta ya bar shi. A shekara ta 2005 likitoci a ƙasar Ostiriya suka ba da labarin waɗansu da hantarsu ta taɓu bayan sun sha shi. Hukumar abinci ta Turai ta duba a 2006, ba ta tabbatar noni ne sanadi ba, amma rigakafi ya fi magani. Mace mai ciki da mai goyo su ma su haƙura.

Babban hatsari duka shi ne mutum ya ajiye maganin asibiti ya kama kwalba. Cuta ba ta jiran mai ita ya gama gwaji.

5. Ga mai son shukawa

Noni itacen bakin teku ne, yana son zafi da laima. Inda rani ya ke da tsawo sai a lambu, kusa da rijiya, da ban ruwa. Irinsa yana da ɓawo mai tauri, ya kan yi watanni bai tsiro ba, sai in an ɗan yanke bakin ƙwayar. Ka rene shi cikin inuwa, sa'an nan ka dasa, ka bar ƙafa 10 zuwa 15 tsakani. In ya sami kulawa ya kan fara 'ya'ya cikin kamar shekara 1, daga nan kuwa ba ya yankewa. Babban abokin gābansa ƙananan tsutsotsi ne na cikin ƙasa masu kumbura saiwa, irin masu ɓata tumatir da kuɓewa. Saboda haka kada ka dasa shi inda waɗannan suka lalace.

Ka fara da itace 2 ko 3. Kada ka rage gonar gero ko dawa dominsa sai ka san wanda zai saya, da nawa zai biya.

6. Ga dagatai da masu unguwa

Ku sa a karanta wa jama'a takardan nan a dandali. In mai talla ya zo da kwalabe yana cewa maganin kowace cuta ne, ku tambaye shi lambar rajistar hukuma. Wanda kuwa ke da majinyaci a gida, ku ƙarfafa shi ya kai shi asibiti tun da sauran ƙarfi.