Mai Aikin Jinya da Likita Mai Neman Ta da Lalata

Wata 'yarmu mai aikin jinya ta aiko da tambaya daga Kafur: wani likita yana matsa mata da zancen banza in suna aikin dare, danginta kuwa sun ce ta bar aikin.

To, aikin jinya halal ne ga mace. A tantin Rufaida Al-Aslamiyya cikin masallacin Madina aka yi jinyar Sa'adu ɗan Mu'azu bayan Yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira. Dangin nan sun aza laifi inda ba ya nan. Maza Allah Ya fara umarta da runtse ido a Suratun Nur, aya ta 30, sannan mata a ta 31.

Wajibi ne shugabannin asibiti su hana keɓewar namiji da mace a ɗaki rufe, su sa na uku a aikin dare.

Ke kuma 'yata, riƙa rubuta rana da lokaci, ki nemi shaida, ki kai wa shugabar masu jinya. Wannan ba giba ba ce, domin Suratun Nisa'i, aya ta 148, ta yarje wa wanda aka zalunta ya bayyana.