Ciwon Damuwa: Abinci da Ganye, Ko Ƙwayar Likita?

Akwai tambayar da ta daɗe tana yawo a tsakanin iyalanmu mazauna Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba da Mile 12. Idan ciwon damuwa ya kama ɗan'uwa, ƙwayar asibiti zai sha, ko kuwa gyaran abinci da sassaƙe sun wadatar? Wasu kuma sukan ƙara da wata a asirce: ashe shan ƙwaya saboda damuwa ba alamar raunin bangaskiya ba ne?

Bari mu fara da sanin ciwon kansa. Ba baƙin cikin kwana biyu ake nufi ba, irin wanda kowa yakan yi idan ya yi asara. Likitoci suna kiransa ciwo ne sa'ad da mutum ya kai mako biyu ko fiye, kusan kullum, zuciyarsa a dagule, abin da yake jin daɗinsa a dā ya fita ransa, barci ya ƙaurace masa ko ya yi masa yawa, abinci ya ƙi shiga, yana ganin kansa ba shi da amfani, wani lokaci har yana marmarin mutuwa. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta masu fama da shi sun kai kimanin miliyan 280. Mu kam ba mu cika cewa "raina a ɓace yake" a gaban likita ba. Sai mu ce kai yana zafi, ƙirji yana bugawa, wani abu yana yawo a jiki. Shi ya sa ake yi wa mutum maganin zazzaɓin cizon sauro da taifot sau uku, sau huɗu, ciwon yana nan inda yake.

Zaman Legas kuwa yana da nasa nauyi. Saurayin da ya baro Filato ko Borno ko Kudancin Kaduna domin gadi ko acaɓa, aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi da dama a 2020 da 2022, ga mutanen gida suna jiran aike. Ga matar da ta haihu a ɗaki guda, babu uwa, babu goggo mai ɗora mata ruwan wanka. Kaɗaici da rashin barci su ne takin wannan ciwo.

Abin da abinci yake iya yi

Masu cewa a fara da abinci ba su yi ƙarya ba. Mai karatun Littafi Mai Tsarki zai tuna da annabi Iliya cikin 1 Sarakuna sura 19, yadda ya gaji da ransa a jeji har ya roƙi mutuwa. Kafin a yi masa wata doguwar magana, sai da aka bar shi ya yi barci, aka ciyar da shi har sau biyu. Jikin da yake da yunwa da gajiya ba ya jin ta'aziyya.

Binciken zamani ma ya taɓa wannan wuri. A shekarar 2017 Farfesa Felice Jacka da abokan aikinta a ƙasar Ostireliya suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi da mutum 67 masu ciwon damuwa. Aka raba su biyu har mako 12: kashi ɗaya aka koya musu cin hatsin da ba a cashe ba, da wake, da ganye, da kifi, da rage kayan zaƙi, ɗaya kashin kuma aka riƙa zama ana hira da su kawai. Cikin waɗanda suka gyara abinci, wajen kashi 32 cikin ɗari ciwon ya sake su. Cikin sauran kuwa kashi 8 ne. Labari ne mai daɗi, amma a lura da abu biyu. Mutanen ba su da yawa, sa'an nan yawancinsu suna kan maganin likita ko shawarar masana tun kafin gwajin. Abincin ƙari ne aka yi a kan magani, ba maye gurbinsa ya yi ba.

Abin farin ciki, irin wannan abinci ba sai an je wata ƙasa ba. Gero, dawa, acca, wake, gyaɗa, zogale, alayyafo, da kifin gwangwani ko na sanyi mai maiƙo, duk suna nan a Mile 12. Abin da ya kamata a rage shi ne zaman burodi da lemon kwalba safe da yamma. Ba mu raina burodin Agege ba, kowa ya san daɗinsa, amma ba ya riƙe mutum shi kaɗai. Haka nan goro, wanda cinikinsa yana cikin abin da ya tara Hausawa a Agege tun zamanin kakanni: mai fama da rashin barci ya bar shi tun da azahar.

Motsa jiki ya fi abinci ƙarfin shaida. Wani nazari da aka buga a 2024, wanda ya tattara gwaje-gwaje 218, ya nuna tafiya da sauri, da gudu, da aikin ƙarfi suna rage ciwon ƙwarai. Ga wanda ciwonsa bai yi nisa ba, tafiyar rabin sa'a a yawancin ranaku, da barci a kan lokaci, da mutum guda amintacce da zai saurare shi, sau da yawa su ne maganin farko da likita da kansa zai ba da.

Amma kwalaben ƙarin kuzari da ake tallarsu da tsada, har a bakin majami'a bayan sujada, maganarsu dabam ce. A Amurka an ba mutum fiye da 18,000 sinadarin bitamin D ko ƙwayar da babu komai a cikinta har wajen shekara biyar, sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna bai hana ciwon damuwa ba. Kuɗin kwalba ɗaya zai sayi mudun wake nawa?

Ba kowane ganye ne mai lafiya ba

Akwai wani ganyen Turai da ake kira St John's wort, wanda aka gwada aka ga yana taimakon masu ƙaramin ciwo. Shi ɗin ma yana kashe ƙarfin maganin ƙanjamau da ƙwayar tazarar haihuwa, idan kuma aka haɗa shi da maganin damuwa na asibiti yana iya jawo haɗari. To, idan ganyen da aka auna aka san abin da ke cikinsa haka yake, me za mu ce game da jiƙon agbo da ake sayarwa a tasha, wanda sau da yawa da giya aka jiƙa shi? Giya takan kwantar da zuciya da dare, da safe ta ninka damuwar.

Ƙwayar likita da ƙwayar kasuwa

Maganin damuwa na asibiti ba abin al'ajabi ba ne, ba kuma guba ba ne. A 2018 aka wallafa nazarin gwaje-gwaje 522 a kan magunguna 21, da mutum sama da 116,000. Kowane ɗayansu ya fi ƙwayar da babu komai aiki, ko da yake ratar ba mai girma ba ce ga kowa. Inda amfaninsu ya fi fitowa shi ne a ciwo mai nauyi. Waɗanda aka fi samu a asibitocinmu su ne amitriptyline da fluoxetine. Ba sa aiki nan take. Sai an yi mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin sauƙi, kuma bayan an warke ana ci gaba da sha aƙalla wata shida. A nan ne iyalai da yawa suke tuntuɓe. Wani ya sha kwana biyar ya ce ba ya aiki. Wani ya ji sauƙi ya yar da sauran, ya ba da shaida, bayan wata biyu ciwon ya dawo. Barinsa farat ɗaya yana kawo jiri da tashin zuciya da rashin barci. Likita ne zai rage shi sannu a hankali. Amitriptyline yana busar da baki, yana sa gyangyaɗi, idan kuma aka sha da yawa yana taɓa zuciya, saboda haka wani babba a gida ya riƙe shi. Matashi ɗan ƙasa da shekara 25 a sa masa ido sosai a makonnin farko.

A ganina babban haɗarin Legas ba ya cikin wannan ƙwaya. Yana cikin wadda ake saya ba takardar likita. Idumota tana cikin manyan kasuwannin magani na ƙasar nan, daga can kaya suke bazuwa zuwa kemis-kemis na unguwanni da tiren masu talla. A watan Fabrairu na 2025 hukumar NAFDAC ta rufe shaguna masu yawa a can da Onica da Aba, ta kwashe jabun magunguna da waɗanda wa'adinsu ya wuce. Mai damuwa da ya ce wa mai kemis "ba na barci", abin da aka fi miƙa masa shi ne diazepam ko Lexotan. Waɗannan ba sa warkar da ciwon damuwa. Barci suke sa wa, jiki kuma ya saba da su cikin 'yan makonni. Wani ya koma tiramol domin ya sami ƙarfin fita aiki. Mun ga inda kodin ya kai 'ya'yanmu kafin gwamnati ta hana shi a 2018.

Yaushe ne abinci da tafiya ba su isa ba? Idan mutum ya daina ci da sha, ko ya kasa tashi aiki. Idan yana jin muryoyi. Idan mai jego ta ƙi jaririnta. Idan ya ambaci kashe kansa, ko da cikin wasa. A ranar za a kai shi asibiti, kada a bar shi shi kaɗai, a kuma kawar da fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari daga ɗakin. Tambayarsa kai tsaye ko yana tunanin mutuwa ba ta cusa masa tunanin. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Yaba tun 1907, asibitin koyarwa na jiha kuma yana Ikeja, kusa da Agege. A can za a duba ko ƙarancin jini ko ciwon maƙoƙo ne ya ɓad da kama, domin su ma sukan yi kama da damuwa.

Game da bangaskiya kuwa, mai ciwon sukari yana addu'a yana kuma shan maganinsa, ba wanda ya zarge shi. Kada fasto ko dattijo ya umarci mai wannan ciwo da dogon azumi ko ajiye magani. Aikin da ya dace da ikkilisiya, Likita Adeoye Lambo ya nuna irinsa a Aro ta Abekuta tun 1954, inda ya zaunar da marasa lafiya a ƙauyukan da ke kusa da asibiti tare da danginsu, suna karɓar magani ba tare da an raba su da mutane ba. Zumuntar mata za ta iya raba kwanaki: wannan ta kai abinci ran Litinin, waccan ta riƙe jariri uwar ta yi barci, wata kuma ta raka ta Yaba ranar ganin likita.