ADANA KAYAN GWARI DA GISHIRI DA TSAMI: DARASI GA MANOMA DA MALAMAN GONA

Gabatarwa

Kasuwar 'yan gwari ta Dei-Dei, wadda ke kan babbar hanyar Kubwa zuwa Zuba a Birnin Tarayya, tana daga cikin wuraren da ake sauke tumatir da tattasai da attaruhu da albasa daga jihohin Kano da Kaduna da Katsina da Filato. Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da amfanin noman rani ke fitowa, kaya kan yi yawa har farashi ya faɗi, abin da ya kwana biyu ba a sayar ba kuma ya soma ruɓewa a cikin kwando. Da damina ta kankama sai kayan su yi ƙaranci, su yi tsada. Da yawa na ganin firji ne kaɗai maganin wannan asara. Manufar wannan darasi ita ce a nuna cewa akwai hanyar adanawa da ba ta bukatar wutar lantarki, sa'an nan a koya wa manomi lissafin wuta domin ya san abin da firji zai ci masa kafin ya saya.

1. Asalin dabarar

Tsama abinci domin ya daɗe ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kindirmo da nono da kamu duk tsami ne ke riƙe su. Abin da bai yaɗu a wurinmu ba shi ne yin haka ga kayan lambu, domin mun fi sabawa da shanya, kamar kaudar tumatir da busasshiyar kuɓewa.

A wasu ƙasashe kuwa wannan al'ada ce babba. Mutanen Masar da Sham suna cin karas da kokwamba da aka jiƙa cikin ruwan gishiri da khal. A Maroko ana ajiye lemun tsami cikin gishiri. A Indiya ana haɗa ɗanyen mangwaro da gishiri da yaji da mai. A Koriya iyalai kan taru kafin sanyi su tsama kabeji mai yawa, har hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada cikin kayan gadon duniya a 2013. Lokacin da matuƙin jirgin ruwan Ingila, James Cook, ya tashi doguwar tafiya a 1768, ya ɗauki gangunan tsamammen kabeji domin kare ma'aikatansa daga ciwon dasashi da rashin kayan lambu ke jawowa. A 1810 Nicolas Appert na Faransa ya wallafa hanyar tafasa abinci a cikin kwalba rufaffiya. A 1857 kuma Louis Pasteur ya nuna cewa wasu ƙananan halittu ne, da ido ba ya gani, ke haifar da irin tsamin da ke cikin nono.

2. Yadda gishiri da tsami ke aiki

Ƙwayoyin halitta iri biyu ne a jikin kowane kayan lambu: masu ruɓarwa da masu tsamarwa. Gishiri yana tsotso ruwa daga jikin kayan, yana raunana masu ruɓarwa, amma masu tsamarwa suna jure shi. Su ne ke cin zaƙin da ke cikin kayan su mayar da shi tsami. Masana suna auna tsami da ma'aunin pH, wanda lambarsa ke raguwa yayin da tsami ke ƙaruwa. Idan ma'aunin ya sauka ƙasa da 4.6, ƙwayar da ke haifar da guba mafi haɗari a abincin kwalba ba ta iya tsira. Saboda haka rage gishiri ko tsarma khal fiye da ƙa'ida domin tsimin kuɗi ganganci ne.

3. Hanyoyi biyu na adanawa

Hanya ta farko, ta ruwan gishiri. Ta dace da kabeji da karas da kokwamba da attaruhu.

(a) A zaɓi kaya masu lafiya, a wanke su da ruwa mai tsabta. Wanda ya soma lalacewa ba ya gyaruwa.
(b) A narkar da giram 50 na gishiri cikin lita 1 ta ruwan da aka tafasa ya huce. In kabeji ne, a yanka shi ƙanana, a murza shi da giram 20 zuwa 25 na gishiri ga kowane kilo 1, zai fitar da ruwansa.
(c) A zuba cikin kwalba ko robar abinci, a danne yadda ruwa zai rufe kayan sarai.
(d) A rufe ba da ƙarfi ba, domin iska za ta riƙa fita. A ajiye a inuwa.

Wannan aiki ya fi kyau a yanayi mai sanyi, tsakanin digiri 18 da 24, wato lokacin hunturu. Cikin zafin Maris da Afrilu tsamin kan zo da wuri, kayan kuma su yi laushi, don haka a riƙa ɗanɗanawa tun daga kwana na uku. Da ya yi tsami sai a mayar da shi wuri mai sanyi. Randa cikin randa, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, irin wadda Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000, tana taimakawa ƙwarai lokacin rani.

Hanya ta biyu, ta ruwan khal, wanda wasu ke kira binega. Ta dace da albasa da tattasai da ɗanyen tumatir wanda bai nuna ba. A sayi khal mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, za a ga an rubuta a jikin kwalbar. A haɗa kofi ɗaya na khal da kofi ɗaya na ruwa da gishiri kaɗan, a tafasa, a zuba a kan kayan cikin kwalba mai tsabta, a rufe, sa'an nan a dafa kwalbar cikin ruwan da ya sha kanta har minti 15. Irin wannan kan yi watanni ba tare da firji ba, muddin ba a buɗe ba. Tumatir nunanne kuwa shanya ta fi masa.

Duk kwalbar da murfinta ya kumbura, ko ta yi wari, ko kayan suka yi yauƙi, a zubar. Kada a ɗanɗana.

4. Lissafin wutar lantarki

Mai noman rani zai fahimci lantarki idan ya tuna da injin ban ruwa. Ƙarfin da ke tura ruwa cikin tiyo shi ne kwatankwacin bolt. Yawan ruwan da ke wucewa shi ne amfiya. Aikin da biyun suka haɗu suka yi shi ne wat, ana samunsa idan aka ninka bolt da amfiya. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce. Yunit ɗin da mita ke ci shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya.

Ga misali. A ce firiza mai wat 150 ce, injinta kuma yana aiki awa 10 a kwana guda. Wat 150 sau 10 ya ba da 1,500, wato yunit ɗaya da rabi a rana, yunit 45 a wata. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta sanya naira 225 a kan yunit ɗaya ga masu rukunin A. A wancan farashi kuɗin wata ya kama naira 10,125. Manomin da ke Dei-Dei ko Zuba sai ya duba rasit ɗinsa na kamfanin AEDC ya ninka da nasa farashin, ya ƙara da kuɗin man janareta na ranakun da aka ɗauke wuta. Haka nan a sani cewa injin firji yana jan wuta ninki da yawa a daidai lokacin tashi, don haka ƙaramin janareta ko ƙaramar sola ba lalle su ɗauke shi ba. Idan ribar da ake sa rai ba ta kai wannan kuɗi ba, gishiri da khal da shanya sun fi.

5. Inda gishiri da lantarki suka haɗu

A 1800 Alessandro Volta na Italiya ya ƙera batir na farko. Ya jera faifan tutiya da na jan ƙarfe, ya raba su da ƙyalle mai ruwan gishiri, sai wuta ta fito. Darussa biyu ne a nan ga mai adana kaya.

Na ɗaya, ruwan gishiri da tsami suna cin ƙarfe, idan kuma ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu a ciki, mazubin ya zama ƙaramin batir, ɗayan ƙarfen ya riƙa narkewa cikin abinci. Saboda haka a guji bokitin kwano da tukunyar alminiyom da ta tagulla. A yi amfani da kwalba ko robar abinci, kuma kada ruwan ya riƙa taɓa murfin ƙarfe.

Na biyu, ruwan gishiri yana ɗaukar wuta fiye da ruwan sha nesa ba kusa ba. Kada a taɓa soket ko firji da jiƙaƙƙen hannu, kada a bar waya a ƙasa inda ake wannan aiki, a kuma sa ƙwararren mai gyaran wuta ya haɗa wayar ƙasa.

Kammalawa

Ana shawartar malaman gona da su soma da gwaji kaɗan tare da ƙungiyoyin mata da na masu kayan gwari: kwalba biyar ko goma, sikeli ɗaya, da rubuta ranar da aka zuba a jikin kowace kwalba. A bari jama'a su ɗanɗana da shinkafa ko dafa-duka ko tsire kafin a yi maganar sayarwa, domin abin da baki bai saba da shi ba sai a hankali yake samun kasuwa. Wanda zai sayar a kwalba da suna sai ya nemi rajistar NAFDAC. Mai bukatar ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona mafi kusa da shi.